Faifai Uku a Ɗaki na Tara

A Sheffield, gidan kula da tsofaffi,
bayan tsohuwar ma'aikatar ƙarfe,
nakan karɓi aiki goman dare,
in rataye rigar sanyi, in wanke hannu,
in leƙa ɗaki na tara.

Tsoho Clifford ba ya barci.
Shekara arba'in yana narka ƙarfe,
kunnen hagu inji ya cinye,
na dama ya ajiye wa kiɗa.
Ƙarƙashin gadonsa akwai kwali,
faya-fayan garmaho baƙaƙe wuluk,
faɗinsu kamar faifan rufe ƙwarya.
Ya ce, "Sallau, ciro mai jan bango."

Na ɗora allura, ƙahonin tagulla suka tashi.
Abokan aikinsa ne, su ashirin da biyar,
busar Lahadi, da toka a farce.
Ya ce, "Ka ji wannan in gari ya yi maka nauyi.
Kasa kunne can baya, mai ƙaton ƙaho,
numfashi na yanke masa kafin a kai gaɓa.
Ƙanena ne. Huhunsa ya riga shi tafiya.
Don yankewar nan nake sa shi,
daɗin kuma gyara ne."

Na biyu mace ce da fiyano,
murya kamar an jiƙa ta a shayi.
A waƙa ta huɗu allura kan yi tuntuɓe,
ta maimaita kalma guda, ta maimaita.
Na kai hannu zan gyara, ya ce, "Bari!
Nan Maureen ta yar da shi, daren da muka yi faɗa
kan kuɗin gawayi.
Ban tuna wa ya yi gaskiya ba.
Tabon dai ga shi."

Wani dare ya juyo da kunnen kirki:
"Kai fa? Ko ƙasarku ba a kiɗa?"
Na yi dariya har na tsorata mai ɗaki na takwas.
Washegari na zo da nawa,
kaset ne, na juye shi a waya,
wani mai gurmi na ƙauyenmu
wanda sunansa bai taɓa ƙetare rafi ba.
An ɗauke shi a zauren kawuna,
zakara ya yi cara a tsakiya,
babur ya wuce,
can ƙasa-ƙasa innata na cewa a miƙo mata ludayi.

Ya ce, "Me yake faɗa?"
Na fara fassara: rijiya, bashi, wata Talatu...
Turancina ya zube kamar gero a yashi.
Ya ɗaga hannu, "Ƙyale."
Yatsunsa na bugun ƙarfen gado,
bai kuskure ko sau ɗaya ba.
"Mutumin nan ya san guduma," in ji shi.
Maƙeri ne kuwa. Ban faɗa masa ba.
"Kai me ya sa kake jin sa?"
Na ce, "Don ludayin."
Bai tambaye ni ƙari ba.

Watan Maris gadon ya zama fayau.
'Yarsa ta tare ni a bakin ƙofa da kwalin,
da takarda, rubutu na rawa:
na Sallau ne, ya san inda tabon yake.

Na sayi garmaho a kasuwar gwanjo,
fam goma sha biyu, murfinsa a tsage.
Jiya Ladidi, 'yata, ta cire abin kunnenta,
ta ce, "Baba, faifan nan ya lalace,
kalma ɗaya take ta faɗa."
Na ce, "Zo zauna.
Wannan Maureen ce.
In ta gama, akwai kakarki tana neman ludayi."