Sifili Huɗu

A asibitin Talata Mafara nake kwana,
ni da rajista, da biro marar marfi,
da agogon bango mai gaggawar minti biyu
wanda na daina yarda da shi tun bara.

Daren nan Shafa'atu ta sauka.
Janareto ya yi tari ya mutu,
da hasken waya muka tarbi jaririya.
Na dubi fuskar wayar:
tsakar dare cif, ba gaba ba baya.

Na rubuta sha biyu, sai hannuna ya tsaya.
Sha biyun rana mai jiran azahar,
ko na dare mai haushin karnuka?
In na ce daren Laraba, wanne ke nan,
wanda ya kawo ta ko wanda ya raka ta gida?

Kaka Tumba na bakin ƙofa da butarta.
"Ke 'yar nan, me ya riƙe ki?
Tun kiran magariba Alhamis ta shigo.
Lami ce, rubuta."
Uban ta taga ya ce Balaraba.
Shi tun la'asar yake tsaye a nan,
Larabarsa ba ta ƙarewa sai ya runtsa.

Akawunmu Marafa ya taɓa nuna mini:
ashirin da huɗu rufe Laraba ne,
sifili huɗu buɗe Alhamis.
Ƙofa ɗaya ce, in ji shi,
sai dai ta wajen da kika tsaya.
Shi in zai tsara jadawalin aiki
yakan ja baya da minti guda don gudun gardama.
Ni ban iya satar wa yarinya minti ba.

Na dube ta, ko cibi ba a gama ɗaurewa ba.
Jiya ba ta bin ta bashin numfashi ko ɗaya,
ina ruwanta da ashirin da huɗu?
Na soke sha biyun da layi, na sa hannu a gefe,
na jera ƙwai huɗu, 00:00,
Alhamis, da kwanan wata.

Tumba ta leƙo shafin ta taɓe baki:
"Ai babu kika rubuta har sau huɗu."
Na ce, "Inna, daga nan ake fara ƙirga."

Kafin ta amsa, ƙwan ƙarshe ya fashe,
ɗaya ta fito a fuskar waya,
Lami ta tsala kuka.