Daren Alhamis a Memphis

Injin wanki na bakwai ya haɗiye min sulalla,
ya ƙame kamar jaki a bakin gada.
Odessa mai tsaron shago ta ɗirka masa duka,
ya farka yana gurnani.

"Zauna, Vernell. Kayanka sai nan da awa guda."
Ta zaro kaset daga aljihu,
rubutun mijinta a jiki, tawadar ta koɗe.
R&B irin na da, ganga na takawa a hankali,
wani na roƙon wata ta dawo,
muryarsa na karyewa daidai inda ya kamata.
Ta lumshe ido.
"Da wannan muka taka rawa
ranar da ruwa ya cinye layinmu."

Ni ba ni da kaset.
Na miƙa mata iyafis ɗaya:
ɗan barkwanci na kwaikwayon kawunsa
yana gardama da fitilar hanya.
Ta tuntsire, ta riƙe ciki, har da hawaye.
"Rabona da wannan tun jana'iza."

Injin ya gama, ba wanda ya motsa.
Ta juya kaset.
Rigunana na can a jiƙe.
Su jira.