Taswirar 'Yar Hanta

Barira ta aiko mini da taswira daga ƙasar ƙanƙara,
takarda ɗaya, jajayen ɗigo sun taru can sama
kamar tururuwa a bakin kwanon sukari.
Ta ce kowane ɗigo wuri ne da aka ga tsiron:
gefen ƙorama inda ƙanƙara ke narkewa,
gindin dutsen da rana ba ta zuwa gaishe shi,
ruɓaɓɓen gungume a duhun daji.
Ba fure, ba saiwar kirki,
kwanciya yake kamar hanta a teburin mahauci,
kore shar, bai kai faɗin farce ba.

Na bi taswirar da yatsa, na gangaro kudu.
Ɗigon ya yi ta raguwa, ya ƙare kafin teku.
Hamada fari fat.
Kano ma fari fat.

Na kai wa Baba Ilu mai yasar rijiya a Yakasai.
Ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Wannan ban san shi ba,
amma na san danginsa.
Gaba biyu ƙasa da bakin rijiyar gidan Tabawa,
ɓangaren da guga ba ya goga.
Bayan randar masallacinmu, in Agusta ta yi tsakiya.
Ban taɓa tambayar sunansa ba,
shi ma bai tambayi nawa ba."

Muka je. An binne rijiyar, an haƙa burtsatse.
Randa ta fashe tun bara,
tankin roba ne zaune a gurbinta,
bayansa a bushe ƙayau.

Sai da la'asar ta yi sanyi,
a Ɗan'agundi, bayan rumfar mai wankin mota,
inda famfo ke ɗiga tun ba a san ranar ba,
tsoho ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.
Ga shi nan a jikin bulo,
tsakanin ledar ruwa da murfin kwalba,
ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa.

Na san ba na Barira ba ne.
Nata sanyi ya raine shi,
namu wata uku yake samu, sauran shekara ya yi lamo.
Duk da haka na ari biron mai wankin mota,
shuɗi ne, ja bai samu ba,
na ɗiga a kan Kano.
Takardar ta jiƙe, ɗigon ya bazu
har ya kusa taɓa Wudil.