Gyara

Shekara goma sha tara ina zaune ƙofar lakwal ta Bagalam,
faranti bisa gwiwa, ƙuda na yi mini gadi.
Alewar madara, alewar gyaɗa ja kamar akuyar garinmu,
dala biyar a ɓalle maka, dala goma ka cika kunci.
Yaran da suka tsotsa sun zama malamai, wani ma soja ne.
Ban taɓa leƙa bakin kowa ba.
Hannu nake kallo, da abin da ya damƙo.

Sai daren da Nomau ya hana gida barci.
Ɗan ɗiyata, shekararsa tara,
shi ke lashe tukunya in na sauke,
shi ke kwana da guntu a lungun kumatu
kamar ɓera da ajiya.
Kuncinsa ya tashi kamar fanke cikin mai.

Na dandaƙa kanumfari, ya yi shiru zuwa assalatu.
Ruwan gishiri mai ɗumi, ya yi shiru zuwa hantsi.
Ran Juma'a wani mai tabarma a kasuwa
ya turara masa hayaƙi,
ya nuna mini tsutsa uku cikin ƙwarya,
ya karɓi dala ɗari biyu.
Tsutsa ta tafi, ciwo bai raka ta ba.

Kabu-kabu ya sauke mu asibiti.
Likitar yarinya ce, Cima, sa'ar autata,
da madubi ƙarami kamar cokalin shayi.
Ta ce, "Inna, matso ki gani."
Na ga rami baƙi a turmin baya,
irin wanda gara ke bari a azara.
Ta ce babu tsutsa.
Zaƙi ne ke kwana a baki,
ƙwayoyin da ido ba ya gani su ci, su bar tsami,
tsamin ya yi ta cin haƙori
yadda Gulbi ke cin gaɓa da damina,
a hankali, har gona ta rufta.
Ta ce, "Wa ke ba shi alewa haka?"
Na dubi takalmina.

Injinta ya yi kukan sauro.
Ta share ramin, ta yaɓe shi da farin abu.
Na kusa da shi ya ruɓe, ta cire,
ta ce na nono ne, wani na tafe,
amma wanda ta cike, shi ke nan har furfura.
Buroshi da man goge baki, safe da dare,
na daren ya fi, in ji ta,
a kurkure bayan zaƙi,
kada a jira kumburi kafin a zo.
Jika biyar na biya saboda jika guda.

Da dare na zaga harshe cikin bakina,
na ƙirga kango huɗu.
Da cewa nake haihuwa ce ta kwashe su.

Ba zan bar alewa ba, kada ma a tambaye ni,
ita ke auno mana hatsi.
Amma akwai bedi a ƙofar gida,
shekara da shekaru inuwarsa kawai nake ci.
Yanzu kowace asuba nakan sari reshe,
in yanka tsawon ɗan yatsa, in wanke, in ɗaure.
Gefen faranti ga buta cike da ruwa.
Wanda ya sayi na dala biyar, sai ya kurkure a gabana,
sannan in miƙa masa gyara.

Wasu kan jefar bayan katanga, ina gani.
Nomau kan tsince, ya dawo mini da su
yana tafiya kamar jandarma.

Jiya wata 'yar mitsitsiya mai giɓi biyu
ta tauna, ta yamutse fuska,
ta ce, "Inna, gyaran nan naki ɗaci gare shi."
Na buɗe mata bakina, duka,
na ce, "Ƙirga."