Ɗumi a Ƙafar Toru

Da asuba a gaɓar tafkin Son-Kul,
ruwa ya daskare a bokiti.
Na shafa ƙafafun goɗiyata kamar kullum:
uku sanyi ƙalau kamar dutsen rafi,
ta hagun gaba kuwa, ƙasa da gwiwa,
ɗumi, kamar gurasar da aka rufe da ƙyalle.

Ba ta ɗingishi. Ba kumburi.
Na ɗaga kofato, na ƙwaƙule da wuƙa,
ba tsakuwa, ba wari.
Na danna jijiya, ko kunne ba ta kaɗa ba,
sai ma ta cusa hanci a aljihuna neman gishiri.

Kakana Toktosun ya tsuguna, ya daɗe,
tafinsa manne da ƙwaurinta.
Ya ce, "Ciwo kan yi sallama kafin ya shigo.
Kai ta rafi, ta tsaya cikin ruwa."
Likitan dabbobi yana Kochkor, tafiyar yini,
wayarsa ba ta shiga sai an hau tudu.

Muka tsaya a ruwan ƙanƙara
har yatsuna suka mutu.
Gobe ne tseren.
Wata uku ina ƙirga kwana.

Da dare na fita da fitila, na sake taɓawa.
Yana nan. Bai ƙaru ba, bai tafi ba.
Na sauke sirdi daga marataya,
na tura shi ƙarƙashin shimfiɗa.

Da hantsi na jiyo kofatai da ihu daga nesa.
Ina zaune a ciyawa, hannuna a ƙafarta,
Toru tana kiwo.