Kunnen Maigida

Da sassafe Ofori ya turo shi Suame,
babur mai ƙafa huɗu, jar laka har wuya,
daga gonar koko can bayan Offinso.
Ya ce, "Gabansa ke kuka.
In na sha kwana, ƙwas. In na faɗa rami, ƙwas-ƙwas."

Maigida Mutaru bai tanka ba.
Muka ɗaga shi a jak.
Ya girgiza taya sama da ƙasa,
ya girgiza hagu da dama, tayarod bai ce uffan ba.
Shokazoba ko ɗigon mai babu.

Sai ya ɗauko doguwar sukundireba,
bakinta a ƙarfe, ƙotarta a kunnensa,
ya ce in murza sitiyari.
Na murza. Ƙwas.
Fuskarsa ba ta motsa ba.
Na sake. Ƙwas.
"Murza mana, Sadisu!"

Shekara talatin guduma na cin kunnen nan,
ban sani ba sai yau.

Na durƙusa kamar mai neman noti,
na ɗora yatsa kan robar bol-join ta hagu:
ta yage, giris ya tsere, yashi ya tare.
Ban ɗauke yatsan ba sai da ya gani.

Ya yi tsaki. "Tun daga bakin titi na ji shi."
Ofori na ƙirga sidi yana yabon kunne.

Da azahar ya sayo min shinkafa da wake,
har da ƙwai biyu.
Bai dube ni ba.
Ni ma na dubi kwano.