Bakwai ta Kwali

A gidanmu na Aboabo, bayan isha'i,
in an kwashe kwanukan tuwo,
Memuna kan shimfiɗa tsohuwar tabarma
gindin mangwaron da bai taɓa haihuwa ba,
Sumaila ya laluba saman kabad, ya sauko da karta.

Dokar gidan ba ta da wuya.
Goma-goma ake rabawa, saura a kife tsakiya.
Ka ɗau ɗaya, ka yar da ɗaya.
Uku masu lamba guda, ka sauke ƙasa,
ko uku 'yan ɗaki ɗaya da suka biyo juna,
huɗu, biyar, shida na mashi,
kamar bokitai a layin famfo.
Wanda hannunsa ya riga bushewa shi ya ci,
saura a ƙirga abin da ya kwana wurinsu.
Sarki goma ne, sarauniya goma,
in sun kwana hannunka kaya ne, ba sarauta ba.

Kuɗi ba ya hawa tabarmar nan.
Inna Barira ta rantse,
ranar da ta ga sidi ɗaya a kai
da kartar za ta hura gawayi.
Gyaɗa muke zubawa, gyaɗa muke kwasa,
na ƙarshe ya sayo koko da ƙosai da safe.

Bana Fuseini ya zo daga Nima,
ya sauka Kejetiya da jaka guda da baki goma.
Wai su can sha uku suke rabawa,
wai joka kowane ɗaki yana shiga
kamar mai tallan maganin basir,
wai ɗaya tana iya bin bayan sarki,
wai abin da aka yar tun ɗazu ana tono shi.
Adiza ta ce a Tamale, dangin mijinta
ba sa saukewa sai sun haɗa talatin.
Kawu Iddirisu ya ce duk bidi'a ce.
Wuta ta ɗauke, ta dawo,
ba a raba ko ɗaya ba.

Sai Fuseini ya zaro sabuwa fil a leda,
tana santsi, tana ƙamshin kanti.
Ya ce taku ta tsufa, ba ta ma cika ba.

Bai yi ƙarya ba.
Bakwai ta zuciya ta ɓace tun ina aji uku,
wasu sun ce akuya, wasu sun ce kwata.
Baba ya yanki kwalin sukari da almakashin ɗinkinsa,
ya zana zukata da jan biro,
shida daidai, ta bakwai ta karkace
don an kira salla yana tsakiya.
Ta fi 'yan'uwanta kauri. Ta baya ma an san ta.
Shi ya sa ya kafa doka, ita kaɗai ce tasa:
ba wanda ya gan ta.
In tana hannun ƙaninka, kai makaho ne,
ka yar masa da takwas ko da ka san yana jira.

Shekara biyu ke nan da muka kai shi Tafo.

Inna Barira, da ba ta taɓa riƙe karta ba,
ta ajiye carbi, ta miƙo hannu.
Ta cakuɗa tsohuwar kamar mai tsince shinkafa,
ta raba tana ƙirgawa a fili,
har goma, ta tsaya.

Fuseini ya ɗaga nasa.
Ga kwalin can, na uku daga hagu,
da rabin sunan sukari a bayansa.
Memuna ta kalli mangwaro.
Sumaila ya kalli farcen ƙafarsa.
Kawu ya shiga neman goron da ke bakinsa.
Ni na yar da takwas.

Ya daɗe bai ɗauka ba.
Sannan ya tura ledar cikin aljihu, ya ɗauka.

Duk da haka shi ya zo na ƙarshe.
Da asuba na ji shi a zaure
yana tambayar Adiza
ko mai kokon nan ta bakin masallaci tana nan.